Zaren da Ya Narke a Cikin Mara Lafiya

A shekarar 1934, a asibitin Presbyterian da ke birnin New York na Amurka, wata mata ta rasu sa'o'i 30 bayan an fito da ita daga ɗakin tiyata. Likitan da ya yi mata aikin, Allen Oldfather Whipple, ba ɗan koyo ba ne. Shi ne shugaban sashen fiɗa na asibitin tun 1921. Ya cire ƙarin da ya toshe mata hanyar maɗaciya, ya ɗinke abin da ya yanka da zaren da duk likitocin zamaninsa suka saba da shi, wato zaren da ake murzawa daga hanjin tumaki ko na shanu. Sai ɗinkin ya warware. Da Whipple ya zauna ya yi nazari, ya ɗora laifin a kan zaren: zaren nama ne, shi kuwa ruwan da fankiriyas ke fitarwa aikinsa ke nan, narkar da nama. Jikin matar ya cinye ɗinkin kamar yadda yake cinye tsire.

Daga wannan rana har zuwa yau, likitocin da ke taɓa wannan gaɓa suna fama da tambaya guda: a jikin wa ɗinkin zai riƙe, a jikin wa zai saki, kuma yaya za a sani tun kafin ya sake?

Fankiriyas wata tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, kwance a can bayan tumbi, jingine da ƙashin baya. Wanda ya taɓa tsayawa gun mahauta yana kallon ana fiɗar rago zai iya wuce ta bai lura ba, don ta fi kama da kitse. Aiki biyu gare ta. Tana sakin insulin cikin jini, wanda rashinsa ke kawo ciwon sukari, tana kuma zubo ruwa fiye da lita guda a kullum cikin farkon ƙaramin hanji, ruwan da ke narkar da nama da mai da abinci mai gari. Wannan ruwa yana bi ta wani siririn bututu da ya ratsa tsokar daga jela zuwa kai. Wani Bajamushe mai suna Johann Georg Wirsung ne ya gano bututun a garin Padua na Italiya a 1642, yana cikin feɗe gawa. Ya zana shi a kan farantin tagulla, ya rarraba wa masana. Shekara guda bayan haka aka harbe shi a kusa da gidansa. Har yau likitoci da sunansa suke kiran bututun.

Inda gizo ke saƙar shi ne kan fankiriyas ɗin. Farkon ƙaramin hanji ya naɗe shi, bututun maɗaciya ya ratsa ta cikinsa, jijiyoyin jini guda ne ke ciyar da su duka, manyan jijiyoyin da ke kai jini hanta kuma suna manne a bayansa. Ba a cire ɗaya a bar sauran. Idan ciwon daji ya fito a nan, sai an kwashe kan fankiriyas da farkon hanjin da matsarmama da ƙarshen bututun maɗaciya, sau da yawa har da wani yanki na tumbi, sannan a jawo hanji a yi masa haɗi uku: da tumbi, da bututun maɗaciya, da ragowar fankiriyas. Biyu daga ciki ɗinki ne irin wanda ƙwararren likita ya saba. Na ukun ne ke hana barci.

Wanda ya fara gwada wannan aiki ɗan Italiya ne, Alessandro Codivilla, a garin Imola a 1898. Mara lafiyarsa ya rasu cikin mako uku, shi kuma bai ko rubuta labarin ya buga ba. Daga baya ya koma Bologna ya yi suna a aikin ƙashi. A Balin, Walther Kausch ya yi aikin a 1909, kashi biyu da tazarar makonni a tsakani, mutumin kuma ya tashi ya rayu wata tara. Saboda haka ne Jamusawa har gobe suke haɗa sunansa da na Whipple idan za su ambaci wannan tiyata.

Me ya sa ake raba aikin gida biyu? Nan ne aka fara abin da za a iya kira hasashe, kuma a idon mara lafiya ake karanta shi. Wanda ƙari ya toshe masa hanyar maɗaciya yakan zo da shawara, ido rawaya, fitsari kamar ruwan shayi, jiki yana ƙaiƙayi. Likitoci sun lura cewa irin wannan mutum in aka yanka shi jininsa ba ya tsayawa. Ba su san dalili ba, amma sun san alamar. Sai su fara buɗe wa maɗaciya wata hanya, su jira idon ya washe, sannan su koma su cire ƙarin. Dalilin ya fito ne daga wurin da ba a zata ba: wani masani ɗan ƙasar Denmark, Henrik Dam, yana gwaji da 'yan tsaki, ya ga waɗanda ya hana wani nau'in abinci suna zubar da jini. Abin da suka rasa shi ya raɗa wa suna bitamin K a 1935. Hanji ba ya iya tsotsar wannan bitamin sai da maɗaciya, jini kuma ba ya daskarewa sai da shi. Da aka fara ba masu shawara bitamin K a ƙarshen shekarun 1930, ga kuma ajiyar jini da ta soma samuwa a asibitoci, sai babban dalilin raba aikin ya kau.

Whipple kansa, wanda aka haifa a 1881 a garin Urmiya na ƙasar Farisa inda iyayensa ke aikin mishan, ya bar zaren hanji ya koma na siliki. A 1935 shi da abokan aikinsa biyu, Parsons da Mullins, suka buga bayanin marasa lafiya uku. Na farkon ita ce matar nan. Na biyu ya yi watanni, na uku ya haura shekara biyu. Amma aikin da ya kafa sunansa bai shirya masa ba. A watan Maris na 1940 yana yi wa wata mata tiyata a gaban baƙin likitoci da suka zo kallo, kowa na zaton ciwon daji ne a tumbi. Ya riga ya raba tumbin biyu sannan hannunsa ya gaya masa cewa ƙarin a kan fankiriyas yake. Babu komawa baya. Matar ba ta da shawara, jininta lafiya lau, sai ya ci gaba ya gama komai a zama ɗaya. Ta rayu shekara tara.

Duk tsawon aikinsa, sau 37 Whipple ya yi wannan tiyata, kusan mutum ɗaya cikin uku kuma bai fita daga asibiti da rai ba. Haka abin ya ci gaba har shekarun 1960 da 1970: a asibitoci da yawa, ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar ke mutuwa. A 1970 wani fitaccen likita na asibitin Cleveland Clinic, George Crile ƙarami, ya fito fili ya ce ga mai ciwon dajin kan fankiriyas gara a buɗe wa maɗaciya hanya kawai a bar ƙarin inda yake, don waɗanda aka yi wa hakan sun fi daɗewa. Ana yawan ambatonsa yau kamar wanda ya karaya, amma ba a yi masa adalci ba. Lissafin da ke gabansa ya faɗa, kuma a lissafin nan gaskiya gare shi. Mutum ne da ya ƙi yarda a riƙa tura marasa lafiya ga aikin da ke gaggauta musu mutuwa.

Sai dai akwai wasu alƙaluman da suka ƙi bin wannan lissafi. Tun a 1968 John Howard a Philadelphia ya ba da labarin mutum 41 a jere, babu wanda ya mutu. A 1990 Michael Trede a Mannheim ta Jamus ya kawo 118. A 1993 John Cameron na asibitin Johns Hopkins a Baltimore ya kawo 145. Tiyatar ita ce dai, gaɓar ita ce dai. Abin da ya bambanta shi ne waɗannan mutane suna yin ta a kai a kai, tare da masu sa barci da ma'aikatan jinya waɗanda su ma sun saba da ita. A 2002 John Birkmeyer da abokansa suka bi bayanan tsofaffin da gwamnatin Amurka ke biya wa magani, suka tarar cewa a asibitocin da ba su cika yin tiyatar fankiriyas ba, kimanin kashi 16 cikin 100 ke mutuwa, a waɗanda suka fi kowa yi kuwa bai kai kashi 4 ba. Wato tun kafin a auna jinin mutum ko a ɗauki hotonsa, ƙofar da ya shiga ta riga ta yanke wani babban ɓangare na rabonsa.

Mutuwa ta ragu, amma wahala ba ta ragu ba. Lokacin da Cameron ya buga sakamakon mutum 1,000 da ya yi wa aikin da hannunsa, a 2006, mutuwa kashi 1 ce kacal cikin 100, tsawon aikin ya sauko daga kusan sa'a tara zuwa biyar da rabi, amma kashi 41 cikin 100 sun gamu da wata matsala. Kashi 18 tumbinsu ya yi nauyin sakin abinci. Kashi 12 sun sami yoyo.

Mai karatu ya san yoyon fitsari, inda hanya ke buɗewa a wurin da bai kamata ba. Wannan ma haka yake, sai dai abin da ke zuba ruwa ne mai cin nama. Yakan taru a gefen ɗinkin, ya gauraya da ƙwayoyin cuta na hanji, ya zama ƙurji. A daidai wurin kuma akwai kututturen wata jijiyar jini da likita ya ɗaure lokacin aikin. Idan ruwan ya kwanta a kanta kwana da kwanaki, sai ya cinye ta. Mutumin da ya fara zama, ya fara kurɓar kunu, iyalinsa sun fara hamdala, sai a mako na biyu jini ya ɓalle masa a ciki. Sau da yawa akan sami gargaɗi: ɗan jini kaɗan ya bayyana a robar da aka bari a ciki don tsiyayar ruwa, ya tsaya, sa'o'i ko kwana guda kafin babban ya zo. Ma'aikaciyar jinya da ta san aikinta takan duƙa da sassafe ta ɗaga jakar da ke rataye a gefen gado ta kalli launinta. Ruwa garai mai ɗan ja-ja, sai ta wuce. In ya yi duhu-duhu kamar ruwan wanke-wanke, sai ta nemi likita.

Abin mamaki, har farkon ƙarnin nan likitoci ba su ma yarda da abin da ake kira yoyo ba. A 2004 Claudio Bassi na Verona da abokansa suka tattara rubuce-rubucen da aka buga, suka ƙirga ma'ana 26 dabam-dabam. Wani sai ruwan ya kai kaza a rana zai kira shi yoyo, wani sai ya wuce kwana kaza. Da suka ɗauki marasa lafiyarsu su ɗin dai, suka gwada su da wasu daga cikin ma'anonin, sai yawan yoyon ya tashi daga kashi 10 zuwa kusan kashi 29 cikin 100. Kowa da mudunsa yake awo, kuma ba wuya mai awo ya zaɓi mudun da zai fid da shi kunya. A 2005 likitoci 37 daga ƙasashe da dama suka tsayar da mudu guda: daga rana ta uku bayan aiki, in amilas, sinadarin da fankiriyas ke fitarwa, da ke cikin ruwan robar ya ninka iyakar na jini sau uku, yoyo ne. Suka kasa shi mataki uku, A da B da C, gwargwadon yadda ya taɓa mara lafiya. A gyaran da aka yi a 2016 aka cire matakin A daga cikin cututtuka, tunda ba ya canja komai a jinyar mutum. Ba aiki ne mai armashi ba, zaman tebur ne da gardama a kan kalmomi, amma ba don shi ba da babu wani hasashe da za a iya gwadawa a asibiti biyu.

Tsofaffin likitoci sun daɗe da sanin wani abu a yatsunsu, wanda ke juya tunanin mutum. Fankiriyas mai lafiya ita ce mai haɗari. Wadda ciwon daji ya toshe wa bututu wata da watanni, ko wadda kumburi na shekaru ya cinye, takan taurare kamar ƙirgi, bututunta ya buɗe, ruwanta ya ragu. Allura na kama ta, zare na zama. Amma wadda ba ta sha wahala ba tana nan lugub kamar man shanu, bututunta bai fi tsinken tsintsiya ba, tana kuma zubo ruwa da ƙarfinta. Ja zaren kaɗan, sai ya tsaga ta. Abin da ke sosa rai a nan shi ne masu irin wannan tsoka su ne galibi waɗanda cutarsu ta fi sauƙin warkewa: ƙaramin ƙari a bakin bututun maɗaciya, ko wani ƙullutu da bai riga ya zama daji ba. Wanda ya fi kowa fatan tsawon rai bayan aikin shi ne aikin ya fi yi wa barazana.

A 2013 Mark Callery na asibitin Beth Israel Deaconess na Boston, da Charles Vollmer da abokansu, suka mai da wannan sani na yatsa lissafi. Abu huɗu suka ɗauka. Tsoka mai laushi, maki 2. Cutar da ba dajin fankiriyas ba kuma ba daɗaɗɗen kumburinta ba, maki 1. Faɗin bututu: milimita 5 ko fiye babu maki, kowace milimita da ta ragu maki guda, har zuwa 4. Jinin da ya zuba lokacin aiki: in bai wuce mililita 400 ba babu maki, in ya haura lita guda maki 3. Jimla daga 0 zuwa 10. A kwatanta dattijo mai ciwon daji, tsokarsa tauri, bututunsa milimita 6, jinin da ya zuba 300: makinsa 0. A kwatanta kuma mace mai ƙarfinta, da ɗan ƙari a bakin bututun maɗaciya, tsoka lugub, bututu milimita 2, jini 800: makinta 8. Duk wanda ya gan su a kan gado zai fi jin tsoron dattijon. A cikin marasa lafiyar da aka gwada ma'aunin a kansu a Boston, babu mai maki 0 da ya yi yoyo, babu kuma mai 9 ko 10 da ya tsira daga gare shi.

Amfanin makin ya fito fili a gardamar roba. An daɗe ana jayayya ko robar tsiyaya tana kare mutum ko kuwa ita ke jawo ƙwayoyin cuta har ta goge ɗinkin. A Verona an gano a 2007 cewa in amilas na ruwan robar ya haura 5,000 a rana ta farko, yoyo na tafe. A 2010 kuma suka nuna cewa waɗanda nasu bai kai haka ba sun fi samun lafiya in an zare robar a rana ta uku. Wasu suka ce to a daina sa ta gaba ɗaya. Aka gwada hakan a asibitoci da dama na Amurka, sai dole aka tsayar da gwajin tun bai ƙare ba: a sakamakon da aka buga a 2014, mutuwa ta kai kashi 12 cikin 100 ga waɗanda ba a sa wa roba ba, alhali kashi 3 ce ga waɗanda aka sa wa. Da aka koma aka duba alƙaluman ta fuskar maki, sai aka ga masu matsakaici da babban haɗari ne rashin robar ya cutar. Dattijon nan mai maki 0 zai iya tashi ba roba. Matar nan mai maki 8 tana bukatarta, tana kuma bukatar ido a kanta dare da rana.

Ma'aunin yana da rauninsa, kuma masu amfani da shi ba su ɓoye ba. Laushi da tauri yatsan likita ne ke faɗa, yatsu kuwa ba ɗaya ba ne. Jinin da ya zuba kintace ne, daga tsummoki da kwalaben tsotsa. Sannan duk wannan ba a saninsa sai ciki na buɗe, bayan mutum ya riga ya sa hannu a takarda. A 2019 likitocin ƙasar Holan suka fito da nasu, daga bayanan mutum 1,924, suka cire jini suka sa ƙiba a madadinsa, domin kitse na shiga cikin tsokar ya ƙara mata laushi. Wasu kuma suna auna faɗin bututu da yawan kitse a hoton sikanin tun kafin aiki, yanzu har da taimakon kwamfuta. Duk da haka, in aka ɗauko mutum biyu, ɗaya ya yi yoyo ɗaya bai yi ba, aka ce ma'aunin ya nuna wanne ne, kusan sau uku cikin huɗu yake dacewa. Abin yabo ne, amma iyalin na huɗun ba za su ji daɗin wannan lissafi ba.

Holan ɗin ce kuma ta juya tambayar. Tun 2009 wani bincike a Amurka ya nuna cewa asibitocin da aka fi mutuwa bayan tiyata da waɗanda aka fi tsira kusan daidai suke a yawan matsalolin da ke tasowa. Bambancin yana wajen saurin ganewa da saurin ɗaukar mataki. Sai dukan asibitoci 17 da ke tiyatar fankiriyas a Holan suka haɗa kai a 2018 da 2019. Suka tsara jerin ƙa'idoji a manhajar waya. Kowace safiya likitan da ke zagaye zai shigar da zafin jikin mara lafiya, bugun zuciyarsa, numfashinsa, sakamakon gwajin jini na kumburi, da abin da ke cikin jakar roba. Manhajar ta ce masa yau a ɗauki hoton ciki, ko a soka siririyar roba ta fata a tsiyaye ruwan da ya taru, ko a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko a zare robar. Ba a jiran sai mutum ya galabaita, ba a kuma jiran sai babban likita ya dawo ranar Litinin. Asibitocin suka riƙa shiga tsarin ɗaya bayan ɗaya, bisa ƙuri'a.

Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2022, a kan mutum 1,748. Yawan yoyon bai ragu ba. Ɗinkin nan na uku yana nan yana saki kamar yadda ya saki a hannun Whipple. Amma zubar jini mai tsanani da gazawar gaɓoɓi da mutuwa, in an haɗa su, sun sauko daga kashi 14 zuwa kashi 8 cikin 100. A cikin mutum 885 da aka yi jinyarsu yadda aka saba, 44 suka rasu cikin kwana 90. A cikin 863 da aka bi da sabon tsarin, 23 ne.